Mutum Shida a Fili: Yadda Ƙananan Makarantun Karkarar Amurka Suka Ƙi Barin Wasa

 

An nemi in yi magana a kan wasanni a makarantun karkara, ni kuwa na zaɓi in ɗauke ku zuwa nesa, can tsakiyar ƙasar Amurka, inda suke da wata matsala da za ta ba malamin ƙasarmu mamaki a farkon ji. Mu nan kukanmu cunkoso ne, aji ɗaya yara fiye da 100, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu na leƙe ta taga. Su kuwa a jihohin Nebraska da Kansas da Montana da yammacin Texas akwai makarantun sakandare da duk ɗalibansu, daga ajin farko har na ƙarshe, ba su kai 40 ba. Wata shekarar makaranta ta yaye mutum biyar ko shida. Gini yana nan, malamai suna nan, filin wasa da fitilunsa suna nan, yaran ne babu. To, makarantar da samarinta 12 ne kacal, yaya za ta yi ta fitar da ƙungiyar wasan da ke buƙatar mutum 11 a fili? Shekara 90 ke nan mutanen can suna fama da wannan tambaya, kuma hanyoyin da suka bi sun cancanci duk malamin wasanni ya zauna ya dube su da kyau.

Sai mun san yadda aka yi ƙasar ta watse kafin mu gane sauran. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar rabon filaye: duk wanda ya je ya zauna a eka 160, ya noma ta shekara biyar, ta zama tasa. Filayen kuwa, kada mu manta, daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe su da ƙarfi. Jama'a suka kwarara. Tun 1785 akwai dokar da ta ce a kowane yanki mai mil 6 tsawo da mil 6 faɗi, a keɓe kashi ɗaya cikin 36 don makaranta, saboda haka duk inda manoma suka sauka, makaranta ta bi su. A farkon ƙarni na 20 ƙasar tana da makarantu masu ɗaki ɗaya da malami ɗaya kusan 200,000. A 1935 yawan gonaki ya kai miliyan 6.8. Yau bai fi miliyan 2 ba, alhali ana ci gaba da noma mafi yawan wannan ƙasa. Tarakta da injin girbi ne suka sa aikin da gidaje da yawa ke yi a da, yanzu gida ɗaya ke yin sa. Sauran suka sayar, suka kwashi 'ya'yansu suka yi birni. A shekarun 1980 bashin banki ya sake cinye dubban manoma. Akwai gunduma a Texas mai suna Loving wadda ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 a cikinta baki ɗaya.

Sannan a fahimci wasan da ake magana a kai, domin abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba namu ba ne. Ƙwallon tasu doguwa ce mai tsini biyu, a hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa ɗan'uwa, abokan karawa kuma aikinsu su kayar da mai riƙe da ita. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sake ba ta huɗu. In ta kai ƙwallo ƙarshen fili ta samu maki 6. Wasan karo ne, da hular kwano da sulke a kafaɗa ake yin sa, kuma saboda gajiya da rauni manyan makarantu suna da rukunin masu kai hari daban, rukunin masu tsaro daban, har ka ga 'yan wasa 50 ko fiye a gefen fili. Ko atisaye mai kyau ba ya yiwuwa sai da mutum 22. Kuma a ƙauyukan nan daren Juma'a na lokacin kaka daren wasa ne. A nan ake haɗuwa, a nan ake gaisawa, a nan tsoho ke ganin jikansa. Garin da ba shi da ƙungiya, daren Juma'arsa shiru ne.

A 1934, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, ga fari, ga guguwar ƙura da ta binne gonaki, wani matashin malami mai suna Stephen Epler yana koyarwa a garin Chester na jihar Nebraska, dab da iyakar Kansas. Makarantar ba ta da samarin da za su cika ƙungiya, ba ta da kuɗin sayen kayan mutum 20. Epler bai ce yaran su haƙura ba. Ya zauna ya yi wa wasan kansa ƙwaskwarima, ya rage shi daga mutum 11 zuwa 6. A ƙarshen watan Satumba na 1934 aka yi wasan farko a garin Hebron. Makarantu huɗu ne suka haɗa yaransu: Chester da Hardy a gefe ɗaya, Belvidere da Alexandria a ɗaya gefen. Aka tashi 19 da 19.

Ina so mu ɗan tsaya a kan dokokin da wasan ya zauna a kansu bayan gyare-gyaren shekaru, domin a nan basirar take. Rage mutum biyar ba wani abu ba ne, kowa zai iya. Aikin shi ne a gano abin da ragin zai ɓata, a gyara shi ɗaya bayan ɗaya.

An rage fili ya koma yadi 80 tsawo da 40 faɗi, maimakon 100 da 53 da ɗoriya, don kada mutum shida su mutu da gudu. Amma ko da haka sarari ya yi yawa, mai gudu ɗaya zai iya ratsa kowa. Sai aka ce to, maimakon yadi 10 a dama huɗu, sai an ci 15. Aka kuma hana wanda ya fara karɓar ƙwallo ya ruga da ita ya ƙetare layi kai tsaye, sai ya miƙa wa wani tukuna. Ma'ana, ko makaranta tana da yaro ɗaya da ya fi kowa ƙarfi da sauri, ba zai yi wasan shi kaɗai ba, dole ƙwallo ta bi ta hannu biyu. A wasan mutum 11 akwai 'yan gaba biyar, ƙarfafa, waɗanda doka ta hana su cafe ƙwallon da aka jefo, aikinsu tare hanya kawai, sai yaro ya gama makaranta bai taɓa cin maki ko ɗaya ba. A wasan mutum shida kowa na da ikon cafewa. Yaron nan mai jiki, wanda a babbar makaranta ba wanda zai san sunansa, a nan yana iya kai ƙwallo ƙarshen fili uwarsa na kallo.

Da yake babu isassun masu tare hanya, buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna ya zama abu mai wuya, saboda haka aka ƙara masa daraja, daga maki 3 zuwa 4. Sai dokar da na fi girmamawa a cikinsu: idan an kai hutun rabin lokaci, ko bayansa, wata ƙungiya ta ba wa ɗaya ratar maki 45, alƙalin wasa ya busa, an tashi ke nan. Har ya zama 'yan Texas kan ce an yi wa ƙungiya kaza arba'in da biyar. Wasu na ganin wannan abin kunya ne ga wanda aka yi wa. Ni kuwa ina ganin kariya ce. Tsakanin ƙananan makarantu bambancin ƙarfi yakan yi muni, domin wannan tana da samari uku 'yan shekara 18, waccan kuwa duk yaranta 'yan 14 ne da 15. Barin irin wannan wasa ya kai ƙarshe ba ya koya wa kowa komai, sai dai a karya wa wani ƙashi, a karya wa wani zuciya. Wanda ya sa wannan doka ya san yara.

Epler bai tsaya nan ba. A 1946 shi ne ya kafa wata cibiyar karatu a Vanport, jihar Oregon, don sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, wadda daga baya ta zama Jami'ar Jiha ta Portland. Halin ɗaya ne: a dubi mutanen da ke gabanka, a gina musu abin da zai ɗauke su.

Cikin 'yan shekaru wasan ya bazu jihohi da yawa, amma a Texas ya fi kafuwa. Hukumar da ke kula da gasar makarantun jihar, UIL, ta karɓe shi a 1938, kuma tun 1972 ake fitar da zakaran jiha. Duk shekara biyu hukumar ke ƙirga ɗaliban kowace makaranta ta sake raba su rukuni-rukuni, makarantar da ɗalibanta ba su kai 105 ba ita ce ke shiga rukunin mutum shida. Makarantun gwamnati fiye da 100 ne a ciki, ban da masu zaman kansu. Wasan ƙarshe kuwa yanzu a katafaren filin ƙungiyar Dallas Cowboys da ke Arlington ake yin sa, filin da zai ɗauki duk mutanen garuruwan biyu har da na maƙwabtansu bai ko ji ba. Wasu jihohin sun tsaya a tsakiya: Kansas da Oklahoma da Idaho suna da wasan mutum takwas, Minnesota da Dakota ta Arewa da ta Kudu suna da na mutum tara, Nebraska da Montana kuma suna haɗa na shida da na takwas, gwargwadon girman makaranta.

Ana yawan cewa yaron da ya taso a irin wannan wasa ba zai yi nisa ba. Jack Pardee a wasan mutum shida ya taso, a ƙauyen Christoval na Texas, ya yi shekaru yana buga gasar ƙwararru ta NFL, ya kuma horar da ƙungiyoyin Chicago da Washington da Houston. Leighton Vander Esch a wasan mutum takwas ya taso, a garin Riggins na Idaho, Dallas Cowboys ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018. Na kawo su ne don a toshe bakin masu wannan magana, amma ba su ne hujjata ba. Hujjata ita ce sauran dubban da ba wanda ya san sunansu. A babbar makaranta mai ɗalibai 2,000 sai an tantance, a ɗauki 'yan kaɗan, sauran su zama 'yan kallo. A makaranta mai ɗalibai 35 ba a tantancewa, roƙo ake yi. Gajere da dogo, mai ƙiba da siriri, kowa ana buƙatarsa, kuma ya san ana buƙatarsa. Yaron da ya buga rabin farko shi ne zai cire hular kwano ya ɗauki kakaki ya shiga cikin makaɗan makaranta lokacin hutu. Da an gama kakar wannan wasa, su ɗin dai su ne 'yan ƙwallon kwando, da bazara su ne 'yan tsere. Kocin shi ne malamin lissafi ko na tarihi, sau da yawa shi ne direban bas. Wani marubuci, Carlton Stowers, ya bi ƙungiyar ƙauyen Penelope na Texas tsawon kaka guda, ya fitar da littafi a kanta a 2005, ƙungiyar da shan kaye ya fi mata nasara yawa, amma garin bai daina fitowa kallo ba.

Wannan hanya ɗaya ke nan, a rage wasa ya yi daidai da yaran. Akwai ta biyu, wadda ta fi ƙarfi a tarihi: a rufe ƙananan makarantu a haɗe su wuri ɗaya. Wajen 1940 Amurka tana da hukumomin makarantu na yanki kusan 117,000. Yau ba su kai 14,000 ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ba wannan hanya ƙarfi shi ne James Conant, tsohon shugaban Jami'ar Harvard. A 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce an bar su a baya a kimiyya. A 1959 Conant ya fitar da rahotonsa a kan makarantun sakandare, inda ya nuna cewa makarantar da ba ta yaye aƙalla ɗalibai 100 a shekara ba za ta iya ba da cikakken ilimi ba, gara a haɗe ta da wata.

Ba zan ce Conant ba shi da gaskiya ba. Makaranta mai malamai shida ba za ta sami gwanin kimiyyar haɗa sinadarai da gwanin lissafi mai zurfi da malamin harsunan waje duka ba, kuma yarinyar da ke son karatun likita a irin wannan wuri an tauye ta. Duk wanda ya ce a riƙe makaranta don ƙwallo kawai, alhali yara ba sa samun karatu, ya zalunce su. Amma akwai abin da lissafin Conant bai ɗauka ba. A garin mutum 300, makaranta ita ce mafi yawan ma'aikata, zaurenta shi ne wurin biki da wurin taron gari. In aka rufe ta, ma'aurata masu ƙananan yara ba sa zuwa, na ciki ma su fara shirin tashi, kantin garin ya bi, gidan mai ya bi. An rufe makarantar ne don mutane sun ragu, rufewar kuma ta kori waɗanda suka rage. Yaro kuma ya koma yin awa guda a bas da safe, awa guda da yamma, in yana son atisaye bayan an tashi sai iyayensa su nemi yadda za su ɗauko shi da dare. Da yawa sukan bari. Shi kansa garin Chester, inda Epler ya ƙirƙiro wasan, ba shi da sakandare yanzu. An fara haɗa ta da na Hubbell da Byron, daga baya aka haɗe duka da ta Hebron.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai wata dabara: kowace makaranta ta riƙe azuzuwanta da malamanta, amma biyu ko uku su haɗa ƙungiyar wasa ɗaya. Da sauƙin faɗi. Garuruwan da ake haɗawa galibi su ne tsofaffin abokan gaba, kakanni sun yi shekara 50 suna karawa. Wane launin riga za a sa? A filin wa za a buga? Sunan wa zai zo farko? Manya kan yi watanni suna jayayya a kan wannan, yaran kuwa mako biyu ya ishe su zama abokai. Kuma sau da yawa haɗa ƙungiya shi ne matakin farko na haɗe makarantun baki ɗaya, shi ya sa iyaye ke ɗari-ɗari da shi. Wanda ya duba jerin makarantun waɗannan jihohi zai ga sunaye masu tsawo kamar Chester-Joplin-Inverness a Montana (wannan Chester daban ce da ta Epler), ko haruffa zalla kamar BCLUW a Iowa, wato Beaman da Conrad da Liscomb da Union da Whitten, garuruwa biyar da a da kowanne ke da abin da yake taƙama da shi.

Ku riƙe sunaye biyun ƙarshe, domin su ne za su kai mu ga 'yan mata, kuma labarinsu ya fi ba ni sha'awa. A 1925 hukumar wasannin makarantun Iowa ta yanke shawarar daina ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta mata, bisa ra'ayin cewa irin wannan gasa ba ta dace da 'ya mace ba. Shugabannin ƙananan makarantun karkara ne suka ƙi. Su sun san 'yan matan da ke tatsar shanu da asuba, suna ɗaukar damin ciyawa, ba gudun rabin fili ne zai kayar da su ba. Suka ɓalle suka kafa hukumar wasannin mata ta kansu, wadda har yau tana nan. Wasansu na mutum shida-shida ne, uku masu jefawa, uku masu tsaro, ba mai ƙetare layin tsakiya. Gasar ƙarshe a birnin Des Moines takan cika zaure da dubban mutane. A 1968 makarantar Union-Whitten ta doke ta Everly da 113 da 107 a wasan ƙarshe, tauraruwarta Denise Long, 'yar ƙauyen Whitten, ta taɓa zura maki 111 ita kaɗai a wasa ɗaya. A 1969 ƙungiyar maza ta ƙwararru ta San Francisco ta zaɓe ta, shugaban gasar ya soke zaɓen. Duk wannan kafin dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da gwamnati ke ba kuɗi. Wato kusan shekara 50 'yan ƙauye suka riga birni. Iowa ta bar wasan shida-shida a 1993, Oklahoma a 1995.

Akwai kuma tambayar ko ƙarami ya kara da babba. A Indiana, da can gasar ƙwallon kwando ɗaya ce ga kowa. A 1954 makarantar Milan mai ɗalibai 161 ta doke Muncie Central, wadda ta ninka ta kusan sau goma, da 32 da 30, Bobby Plump ya jefa ta ƙarshe ana dab da tashi. Daga wannan labari aka yi fim ɗin Hoosiers a 1986. Amma bayan Milan ba a sake samun makaranta ƙarama kamarta da ta ɗauki kofin ba, har jihar ta raba gasar rukuni-rukuni a kakar 1997 zuwa 1998. Har yau akwai masu jin haushin rabawar. Ni ina tare da waɗanda suka raba. Ba daidai ba ne a yi shekara 40 ana lallasa yaran ƙauye ana nuna musu hoton 1954.

Inda abin ya fi tsanani shi ne Alaska. Kafin shekarun 1970 yaran ƙauyukan 'yan asalin yankin, in suna son sakandare, sai a ɗauke su zuwa makarantun kwana masu nisa, wasu a Sitka, wasu har Oregon da Oklahoma. A 1972 aka shigar da ƙara da sunan wata yarinya 'yar ƙauyen Emmonak, Molly Hootch, da wasu ɗalibai, a 1976 jihar ta amince ta gina sakandare a ƙauyuka fiye da 100. Kusan kowace da zauren wasa aka gina ta, kuma a wurin da dare ke da tsawo, sanyi ke hana fita, ƙwallon kwando ta zama abin da ke tara gari. Babu hanyar mota tsakanin yawancin ƙauyukan, a ƙaramin jirgin sama ƙungiya ke tafiya, ta kwana a daɓen ajin makarantar da za ta kara da ita. Da yake wata makarantar ba ta da maza shida ko mata shida, hukumar wasanninsu ta amince da ƙwallon raga ta gauraye, maza uku mata uku. Wannan tsari nasu ne, ya dace da al'adarsu, ban kawo shi don a kwaikwaya ba. Abin da ke rataye a wuyansu shi ne dokar da ta ce makarantar da ɗalibanta suka gaza 10 lokacin ƙirgar watan Oktoba za ta rasa kuɗin jiha. Akwai ƙauyukan da suka kai ga yin talla suna neman iyali masu yara su zo su zauna.

Kada in bar ku da zaton komai daɗi ne. Ƙungiyar da ke da 'yan wasa takwas, in uku suka ji rauni, kakar ta ƙare, a rubuta musu rashin nasara a sauran wasannin ba tare da sun shiga fili ba. Yaro ɗaya ne mai hari, shi ne mai tsaro, ba ya fita daga farko har ƙarshe, a wasan da ake karo da kai, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan illar bugun ƙwaƙwalwa. Yaron da ya ji jiri zai ɓoye, don ya san in ya fita babu mai maye gurbinsa. Sannan wanda ba ya son wasan sam, littafi yake so ko kiwon dabbobinsa, shi ma ba a ƙyale shi, gari duka na kallonsa a matsayin wanda ya hana a yi ƙungiya. Wannan nauyi ya fi ƙarfin ɗan shekara 15, kuma alhakin sauke masa shi yana kan malami. Ga tafiya, a yammacin Texas da gabashin Montana awa uku a bas zuwa wasa ba abin mamaki ba ne, a dawo gida tsakar dare.

Yanzu, iyayenmu malamai, mu dawo gida kaɗan. Na ce kukanmu cunkoso ne, amma kun fi ni sanin cewa ba ko'ina ba. Ku shiga ƙaramar sakandaren ƙauye ku ƙirga 'yan ajin ƙarshe da damina, ko bayan girbi lokacin da samari suka tafi ci-rani. Ku duba makarantun 'ya'yan makiyaya da ke ƙarƙashin hukumar kula da iliminsu da aka kafa a 1989. A rajista sunaye da yawa, a aji kuwa kaɗan. In aka kira gasar ƙwallo ta ƙaramar hukuma, irin wannan makaranta abu biyu take yi: ko ta ƙi zuwa, ko ta ɗebo sojan haya daga cikin gari, samari masu gemu, a sa musu riga a ce ɗalibai ne. Ɗaliban gaskiya suna gefe suna kallon malaminsu yana rantsuwa a kan ƙarya. Wannan ya fi rashin zuwa gasar muni, kuma tushensa shi ne mun ɗauka dole sai 11.

Ba dole ba ne. FIFA da kanta tana da gasar duniya ta mutum biyar-biyar, ƙwallon kwando ta uku-uku ta shiga wasannin Olympics a Tokyo, yaranmu kuma kullum da yamma biyar-biyar suke bugawa a bayan gari ba wanda ya koya musu. Langa ba ta buƙatar ko ƙwallo. Abin da nake roƙon masu shirya gasa shi ne su raba makarantu gwargwadon yawan ɗalibai, a yi wa ƙanana rukuninsu na biyar-biyar ko bakwai-bakwai a ƙaramin fili, da kofinsu na kansu, a kuma buga wasan ƙarshensu a filin da manyan ke buga nasu, rana ɗaya. A sa dokar tsayar da wasa in rata ta yi yawa. Makarantu biyu maƙwabta da ba su da isassun yara a ba su izinin haɗa ƙungiya a rubuce. 'Yan mata a yi musu tasu gasar, a wuri da tufafin da iyaye za su yarda da su, da malamai mata a kansu. A kauce wa lokacin shuka da na girbi.

Duk wannan kuwa ya rataya ne a kan ƙirga ta gaskiya, domin da zarar an yi rukunin ƙanana, za a sami babbar makarantar da za ta rage adadinta don ta faɗo ciki ta kwashe kofi, kamar yadda za a sami ƙaramar da rajistarta ke cike da sunayen waɗanda suka daɗe da barin aji. Saboda haka a tsayar da rana ɗaya a zangon farko, jami'in ilimi na yanki ya je da ƙafarsa ya ƙirga waɗanda ke zaune a aji, a ɗauki hoton kowane ɗan wasa a liƙa a katinsa, shugaban makarantar da za a kara da ita ya sami ikon duba katunan kafin a busa usur.